Darasi na 7: Rubuta Manhajar Zane da Ake Tuƙawa da Madannai

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da manhaja, da umarni, da ma'aji, da ƙunshin umarni;
2. rubuta 'yar manhaja da za ta ja layi zuwa gabas, yamma, kudu ko arewa idan aka danna kibiya;
3. ɗaga biro da sauke shi da sauya launinsa ta hanyar madannai;
4. zana taswirar gona bisa awo;
5. gano kurakuran da suka fi kama mai koyo, ya kuma gyara su da kansa.

Abin da za mu gina

Duk wanda ya taɓa noman rani a yankin Bakolori ya san yadda ake kwatanta fili da baki. Sai mutum ya ce daga bakin magudana a yi gabas taku kaza, a juya arewa har iyakar maƙwabci, a dawo yamma. Madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ke shayar da filayen shinkafa da kayan lambu a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma filayen nan a yanke suke, kowane da iyakarsa da hanyar ruwansa. Irin wannan kwatance na baki za mu koya wa kwamfuta. Idan muka danna kibiyar dama ta ja layi zuwa gabas, idan muka danna ta sama ta ja zuwa arewa. Wanda ya san kusurwoyin duniya huɗu ya kuma iya ƙirga, ya riga ya mallaki rabin darasin kafin ya zauna.

Harshen da za mu yi amfani da shi sunansa Python. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fito da shi a 1991, kuma kyauta ake samun sa. A cikinsa akwai wani sashe na zane mai suna turtle, wato kunkuru. Asalin kunkurun nan daga wani tsohon harshe ne mai suna Logo, wanda Seymour Papert da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙira a Amurka a 1967 domin koyar da yara. A farkon lamari kunkurun wata 'yar na'ura ce mai taya, da alƙalami a cikinta, tana yawo a kan takarda a ƙasa tana barin layi a bayanta. Daga baya aka mayar da ita cikin fuskar kwamfuta. Kada kalmar "yara" ta sa wani ya raina abin. Dabarun da ke cikin wannan ɗan aiki su ne a cikin manhajar tura kuɗi da ke wayarku.

Ana buƙatar kwamfuta mai allon madannai wadda aka sa wa Python. Da zarar an sa shi, ba a buƙatar intanet ko data. Idan babu kwamfuta a ajinku, shagunan buga takardu na cikin gari suna da ita, kuma a Talata Mafara, garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ba a rasa ɗalibin da zai taimaka a saka Python. Mutum biyu ko uku kan iya haɗuwa a kwamfuta ɗaya, amma a riƙa karɓa-karɓa. Kallo kawai ba ya koyar da wannan aiki.

> Manhaja: jerin umarni da aka rubuta domin kwamfuta ta bi.
> Umarni: layi ɗaya da ke gaya wa kwamfuta ta yi abu ɗaya.
> Ɗigo: mafi ƙanƙantar gurbi a fuskar kwamfuta. Da shi ake auna tsawon layi.

Mataki na farko: fage da biro

Ku buɗe IDLE, wurin rubutun da ke zuwa tare da Python. Ku zaɓi File, sannan New File. Farar takarda za ta buɗe. Ku rubuta wannan daidai yadda yake, harafi da harafi:

```
import turtle

fage = turtle.Screen()
biro = turtle.Turtle()
biro.speed(0)
taku = 20
```

Layin farko yana ɗauko sashen kunkuru. Na biyu yana buɗe tagar da za a yi zane a ciki, muka sa mata suna fage. Na uku yana samar da abin da zai ja layin, muka kira shi biro. Na huɗu yana cewa biro ya yi tafiyarsa nan take, ba tare da jan ƙafa ba. Na ƙarshe yana ajiye lamba 20 da sunan taku.

Sunayen fage da biro da taku namu ne, mu muka zaɓa, kuma za mu iya sa kowane suna da Hausa. Amma kalmomi irin su import da Screen da speed na Python ne, ba a taɓa su. Babban harafin da ke farkon Screen ma dole ya zauna babba. Python yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin suna, sai dai yawancin allunan madannai ba su da su, shi ya sa muka zaɓi sunayen da ba su da ƙugiya.

> Ma'aji: suna da aka liƙa wa wata lamba ko wani abu, domin a riƙa kiran sa da sunan. Alamar = tana nufin "ajiye abin da ke dama a cikin sunan da ke hagu".

Amfanin ma'aji zai bayyana nan gaba. Za mu ambaci taku sau da dama a cikin manhajar. Ran da muka so takun ya koma 10, wuri ɗaya za mu gyara.

Yanzu ku adana aikin da suna zane.py ta hanyar danna Ctrl da S tare. Ku mayar da wannan ɗabi'a, bayan kowane layi biyar ko shida, domin idan wuta ta ɗauke a kwamfutar tebur, duk abin da ba a adana ba ya tafi.

Mataki na biyu: koya wa biro kusurwoyi

Biro yana farawa daga tsakiyar fage, fuskarsa na kallon dama. Kamar yadda yake a taswira, dama ita ce gabas, sama arewa, hagu yamma, ƙasa kudu. Kwamfuta ba ta san waɗannan sunaye ba, lamba ta sani. Cikakken zagaye digiri 360 ne, ana ƙirgawa daga gabas a bi ta arewa:

gabas 0, arewa 90, yamma 180, kudu 270.

Tafiya gabas tana buƙatar umarni biyu: a juya fuska, sannan a yi gaba. Maimakon mu riƙa rubuta su kullum, sai mu ɗaure su wuri ɗaya mu sa musu suna.

```
def gabas():
    biro.setheading(0)
    biro.forward(taku)

def arewa():
    biro.setheading(90)
    biro.forward(taku)

def yamma():
    biro.setheading(180)
    biro.forward(taku)

def kudu():
    biro.setheading(270)
    biro.forward(taku)
```

> Ƙunshin umarni: umarni biyu ko fiye da aka haɗa ƙarƙashin suna ɗaya. Ana fara shi da def, sai suna, sai baka biyu, sai ruwa biyu.
> Turawa ciki: gurbi huɗu da ake bari a farkon layi domin nuna cewa layin na cikin ƙunshin da ke samansa.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, turawa cikin nan ba ado ba ne. Da ita Python ke gane inda ƙunshi ya fara da inda ya ƙare. Na biyu, rubuta ƙunshi ba ya sa a aikata shi. Idan kuka kunna manhajar a yanzu, taga za ta buɗe, biro kuma ba zai motsa ba. Mun gaya masa ma'anar gabas ne kawai, ba mu ce ya tafi ba.

Mataki na uku: manhajar da ke jira

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu ɗan dakata.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda ke farawa daga layin farko ta bi har na ƙarshe ta tsaya, ba ruwanta da kowa. Akwai kuma wadda ke shirya kanta sannan ta zauna jira, kamar mai shago da ya jera kayansa da safe: bai san wanda zai fara shigowa ba, bai san abin da zai nema ba, amma ya san abin da zai miƙa wa kowa. Manhajarmu irin ta biyu ce. Ba mu san ko mai zane zai fara da dama ko da sama ba. Aikinmu shi ne mu tanadi amsa ga kowane madanni tun kafin a taɓa shi.

> Aukuwa: abin da mai amfani da kwamfuta ya yi wanda manhaja ke iya ji, kamar danna madanni.
> Ɗaurawa: haɗa wani madanni da wani ƙunshin umarni, ta yadda danna wannan zai tayar da wancan.

Ku ƙara waɗannan a ƙasan abin da kuka rubuta, ba tare da turawa ciki ba:

```
fage.onkey(gabas, "Right")
fage.onkey(arewa, "Up")
fage.onkey(yamma, "Left")
fage.onkey(kudu, "Down")

fage.listen()
fage.mainloop()
```

Layi huɗu na farko ɗaurawa ne. Na farkonsu yana cewa: duk lokacin da aka danna kibiyar dama, a aikata gabas. Kalmar da ke tsakanin alamun zance ita ce sunan madannin a wurin Python. Umarnin listen yana buɗe kunnen fage ga allon madannai. Umarnin mainloop shi ne zaman jiran kansa, shi ke hana manhajar ƙarewa har sai an rufe taga, kuma dole ya zama layi na ƙarshe.

Ku duba da kyau: a cikin ɗaurawa mun rubuta gabas babu baka biyu a bayansa. Sunan ƙunshi shi kaɗai yana nufin "ga aikin, a riƙe shi sai an buƙata". Suna da baka biyu yana nufin "a yi shi yanzu". Wannan ɗan bambanci ya fi komai wahalar da masu farawa, kuma gara a fahimce shi a nan da a haddace shi.

Ku adana, ku danna F5. Idan taga ta buɗe, ku danna kibiyoyin. Layin da ya fito umarninku ne ya ja shi.

Misali na 1

Wata ɗaliba ta danna dama sau 3, sama sau 2. Ina biro yake? Kowane dannawa ɗigo 20 ne. Gabas: 3 × 20 = 60. Arewa: 2 × 20 = 40. Biro yana ɗigo 60 gabas da tsakiya, ɗigo 40 arewa da ita. Domin ta koma mafari ta rufe zanen, sai ta danna hagu sau 3, ƙasa sau 2.

Mataki na huɗu: ɗaga biro, launi da gogewa

Da sauran gyara. Duk inda biro ya bi sai ya bar layi, alhali mai zane yana buƙatar ya tsallaka wuri bai zana ba. Muna son madanni ɗaya, dogon nan na bayar da gurbi, ya yi aiki biyu: idan biro na ƙasa ya ɗaga shi, idan yana sama ya sauke shi. Wannan yana buƙatar manhaja ta duba hali kafin ta yanke abin yi.

> Sharaɗi: tambayar da amsarta i ce ko a'a. Kalmar if tana nufin "idan", else kuma "in ba haka ba".

Ku sa waɗannan ƙunsoshi a ƙarƙashin ƙunshin kudu, kafin layukan ɗaurawa:

```
def daga_ko_sauke():
    if biro.isdown():
        biro.penup()
    else:
        biro.pendown()

def ruwa():
    biro.pencolor("blue")
    biro.pensize(5)

def iyaka():
    biro.pencolor("black")
    biro.pensize(1)

def goge():
    biro.penup()
    biro.home()
    biro.clear()
    biro.pendown()
```

Sannan ku ƙara ɗaurawarsu kafin layin listen:

```
fage.onkey(daga_ko_sauke, "space")
fage.onkey(ruwa, "r")
fage.onkey(iyaka, "i")
fage.onkey(goge, "g")
```

Harafin r zai mayar da layi shuɗi mai kauri, domin hanyar ruwa. Harafin i zai dawo da shi baƙi siriri, domin iyakar gona. Harafin g zai mayar da biro tsakiya ya share fage. Sunan ƙunshi ba ya ɗaukar gurbi a tsakiyarsa, shi ya sa muka haɗa kalmomin daga_ko_sauke da layin ƙasa.

Misali na 2: gonar shinkafa a Bakura

Wani manomi yana da fili mai tsawon mita 60 daga yamma zuwa gabas, da faɗin mita 40 daga kudu zuwa arewa. 'Yar magudana ta raba shi biyu daidai, tana tafiya daga kudu zuwa arewa. Yana son taswirar da zai nuna wa 'ya'yansa.

Da farko sai a yanke awo. Mu ce dannawa ɗaya mita 10 ce a ƙasa. To tsawon zai ci dannawa 60 ÷ 10 = 6, faɗin kuma 40 ÷ 10 = 4.

Iyakar fili: dama 6, sama 4, hagu 6, ƙasa 4. Biro ya dawo kusurwar da ya fara, wato ta kudu maso yamma. Jimlar dannawa 20 ce, kenan kewayen filin mita 200 ne. Idan zai yi shinge, ya san tsawon da zai nema.

Magudana: a danna dogon madanni a ɗaga biro, dama 3 zuwa tsakiyar iyakar kudu, a sake danna shi a sauke biro, a danna r, sannan sama 4. Yanzu fili biyu ne, kowanne mita 30 da mita 40. Girman filin gaba ɗaya 60 × 40 = murabba'in mita 2,400. Tun da hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, filin bai kai rubu'in hekta ba, saura kaɗan.

Wannan taswira ba ta maye gurbin aikin safiyo, kuma ba hujja ba ce a gaban alƙali ko hakimi. Amma mutumin da ya iya zana filinsa bisa awo ya fi saurin gane takardar da aka miƙa masa ya sa hannu, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin koyo.

Misali na 3: hanyar da ba ta miƙe ba

A sa Talata Mafara a tsakiyar fage. Maradun tana gabas da ita, don haka kibiyar dama ta wadatar. Bakura kuwa tana arewa maso yamma, kuma ba mu da madannin wannan kusurwa. Arewa 90 ce, yamma 180, tsakiyarsu (90 + 180) ÷ 2 = 135. Sai mu rubuta sabon ƙunshi mu ɗaura shi a harafin b, kafin layin listen:

```
def arewa_yamma():
    biro.setheading(135)
    biro.forward(taku)

fage.onkey(arewa_yamma, "b")
```

Babu sabon abu a nan sai lamba. Da wannan dabara masu ɗinkin hula da masu zanen ƙofa za su iya gwada fasalin ado a fage kafin su taɓa zare ko ƙarfe.

Idan manhaja ta ƙi aiki

Kwamfuta ba ta hasashen abin da mutum yake nufi, abin da ya rubuta take bi. Idan jan rubutu ya fito a IDLE, ba lalacewa ta yi ba, tana nuna inda ta kasa fahimta ne, kuma yawanci takan faɗi lambar layin. A karanta lambar, a je layin, a duba shi da wanda ke samansa.

Idan taga ta buɗe amma madannai ba sa aiki, a fara duba ko an manta layin listen. In yana nan, a danna cikin tagar zanen da linzami sau ɗaya, domin mai yiwuwa kwamfuta tana sauraren wata taga ce daban.

Idan biro ya motsa da kansa tun kafin a taɓa komai, sannan ya ƙi jin kibiya, an sa baka biyu bayan sunan ƙunshi a cikin ɗaurawa. A cire su.

Idan kibiyoyi na aiki amma r da i da g ba sa yi, a duba madannin Caps Lock. Ƙaramin r da babban R madannai biyu ne daban a wurin Python. Haka kuma sunayen kibiyoyi da babban harafi suke farawa, amma space da ƙarami.

Akwai wani kuskure mai ruɗarwa ƙwarai, domin rubutun yana iya zama daidai daga farko har ƙarshe amma ya ƙi tashi. Shi ne adana aikin da suna turtle.py. Idan aka yi haka, layin farko zai ɗauko fayil ɗinku maimakon sashen kunkuru na gaskiya. A sauya sunan, a goge tsohon.

Saura kuma su ne na yau da kullum: ruwa biyu da aka manta a ƙarshen layin def ko if, alamar zance da aka buɗe ba a rufe ba, waƙafi da ya ɓace tsakanin sunan ƙunshi da sunan madanni, ko layin da turawarsa ba ta yi daidai da 'yan'uwansa ba.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, mene ne bambancin umarni da ƙunshin umarni?
2. Wace lamba ce ke nufin yamma? Wace ce ke nufin kudu maso gabas?
3. Me zai faru idan aka cire layin listen? Idan aka cire mainloop fa, wane aiki ne aka rasa?
4. Me ya sa ba a sa baka biyu bayan gabas a cikin layin ɗaurawa?
5. Idan taku 20 ne, aka danna hagu sau 4 da ƙasa sau 5, ɗigo nawa biro ya yi nisa yamma, nawa kudu?
6. Idan dannawa ɗaya mita 10 ce, dannawa nawa ake buƙata a kewaye fili mai mita 100 ta kowane gefe? Hekta nawa ne filin?
7. Wani fili a Maradun yana da tsawon mita 45 da faɗin mita 25. Wane awo za ka zaɓa wa dannawa ɗaya domin lissafin ya fita babu saura? Dannawa nawa kowane gefe zai ci?
8. Rubuta ƙunshin da zai mayar da layi kore domin nuna shuka, ka ɗaura shi a harafin k. Sunan launin a Python shi ne green.
9. Aikin aji: ku kasu mutum biyu-biyu. Ɗaya ya kwatanta jerin rumfuna uku na kasuwar Talata Mafara da baki, yana faɗin kusurwa da adadin taku kawai, ɗayan ya zana ba tare da tambaya ba. Ku gwada zanen da abin da mai kwatance ya nufa, ku rubuta inda suka saɓa da dalilin saɓanin.